Hadarin Gabas

Wata biyar ke nan sama ba ta zubo ko ɗigo ba a kwarin Kabula, bayan birnin Salvador na ƙasar Bahiya, can hayin teku. Rafin da ke ratsa kwarin ya janye ya bar laka tana tsagewa, ciyawar gangare ta bushe ƙayau, har in ƙadangare ya gifta ta cikinta sai ka ɗauka mutum ne. Tsofaffin Bahiya suka ce rabonsu da rani irin wannan tun suna da baƙin gashi. A cikinsa ne Idirisu ya gama sassabe, ya tara ƙirare da ƙaya tsibi-tsibi, yana jiran ranar sa wuta.

Idirisu mutumin ƙasar Zazzau ne, ɗan manomi jikan manomi, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. An kamo shi yana ɗan shekara goma sha tara aka tsallako da shi teku. Shekara ashirin da shida ya yi yana dako daga bakin jirage zuwa saman gari, buhun sukari a ka, ido a ƙasa don kada hawan ya kayar da shi. Da ya sami 'yancinsa sai ya karɓi aron wani yanki na gangare daga hannun wani Bature mai gandun rake, ya kafa bukka can ƙasa kusa da rafi, ya ce yanzu duniya za ta ga abin da ubansa ya koya masa. Mutum ne mai haƙuri da yunwa da rana da zagi. Gyara ne kawai ba ya iya haɗiyewa.

A saman gonar, daidai iyakarta da raken Bature, akwai wani tsohon mangwaro da tsawa ta kashe, ya bushe a tsaye da kogo a gindinsa. A cikin kogon akwai tukunya, a cikin tukunyar akwai gafaka, a cikin gafakar kuma takardun Malam Zubairu ne.

Duk Bahaushen da aka sauke a Bahiya, Turawa kan yayyafa masa ruwa su laƙa masa irin sunansu, wannan Zuze, waccan Rita, da shi za a kira shi, da shi za a binne shi. Malam Zubairu ya ƙi yarda da haka. Shekara ashirin, duk wanda ya rasu a cikin jama'a sai ya rubuta da ajami sunansa na yanka, da na ubansa, da garinsu, da wata 'yar alama da za a gane shi. Sunayen sun haura ɗari uku. Da bayi Musulmi suka yi tawaye cikin watan azumi, shekara takwas da suka wuce, aka murƙushe su, sai rubutu ya zama abin halaka. Ko laya aka samu a wuyanka bulala ce ɗari bisa ɗari, in ka rayu a jefa ka jirgi a raba ka da ƙasar, a bi duk wanda kuke gaisawa da shi. Kwana biyu kafin a zo a tafi da malam ya damƙa wa Idirisu gafakar. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Idirisu ya binne ta ƙarƙashin daɓen ɗakinsa a unguwar Barokinya, sau biyu 'yan sanda suna tattaka kanta, sai wata huɗu da suka wuce ya fito da ita a ƙarƙashin damin itacen rogo.

A cikin sunayen nan akwai guda ɗaya da matarsa Maryamu take jira. Tana 'yar shekara shida aka sa ta a jirgi, ba uwa ba uba. Wata mata da ba ta san ta ba ta jawo ta jikinta, tana tauna mata abinci, tana rufe mata ido in za a jefa gawa a ruwa. Inna kawai Maryamu take ce mata. Da aka sauka aka sayar da yarinyar can cikin gandayen rake, Inna kuwa ba ta shekara ba ta rasu a birni. Sai bayan an tafi da malam sannan Maryamu ta dawo birni, ta zama babbar mace, ta ji cewa ya rubuta sunan matar, ya sa a gefe: wadda ta riƙe yarinya a jirgi. Maryamu ba ta karatu. Tun da suka yi aure take roƙon mijinta ya duba mata, don ta riƙa kiran sunan a addu'a. A Barokinya ya ce bango yana da kunne, kuma gaskiya ya faɗa. A Kabula ya ce bari a kafa bukka. Da aka kafa ya ce bari a gama sassabe.

Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce tsoro yake ji. Rabonsa da allo tun yana yaro, kuma rubutun malam ƙanana ne kamar tururuwa. Yana gudun ya buɗe takardun a gaban matarsa ya tsaya yana in-ina, ita kuwa tana kallonsa da idon nan nata mai jira.

Ran Talata da hantsi ya fito ya duba sama. Iska ta ɗauke ɗif, zafi ya danne kwarin, ko ganye ba ya motsi. Can gabas, bayan tudun da ya raba kwarin da teku, gajimare ya fara tashi, fari a sama, baƙi a gindi. Idirisu ya ƙura masa ido. Ya san wannan. Tun yana bin ubansa gona ya san shi: zafi ya yi tsanani, iska ta mutu, gabas ta haɗe rai, to kafin la'asar ruwa ya sauka. A irin wannan ranar ce ubansa yake sa wa sassabe wuta, ta ci ta ƙoshi, ruwa ya zo ya kashe ta ya kwantar da toka cikin ƙasa, gobe a tashi da shuka.

Ya leƙa bukka. "Maryamu, ɗebo mini garwashi. Yau ce."

Ta fito tana goge hannu a zane, ta dubi gabas, ta dube shi. "Malam, jiya ma haka ya taso, shekaranjiya ma."

"Na jiya ba shi da gindi. Dubi wannan."

"To in ka ƙudura, a fara ɗauko tukunyar nan tukuna."

"Da rana tsaka, bayin gandu na yawo a bakin rake? Ai na share hanya taku uku tsakanin gona da itacen. Wutar da za ta tsallake wannan ba a haife ta ba. Mu gama yau, jibi in zauna in duba miki, na yi alkawari."

Ta juya ta je ɗebo garwashin. Ta ji wannan jibin sau da yawa.

Suna cikin haka Sulaimanu ya gangaro da adda a kafaɗa. Tsoho ne mai ƙona gawayi, Bakatsine, ya fi shekara talatin a kwarin, hayaƙi ya cinye masa rabin gani. Shi ne kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya a kan kabarin Inna, amma sunan ya daɗe da zube masa. Ya ga kaskon garwashi a hannun Maryamu, ya tsaya.

"Idirisu, me za ka yi da wannan?"

"Baba, ka ga hadari."

Tsohon ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido, ya daɗe. "Wannan ba hadari ba ne, numfashin teku ne. Kullum rani haka yake taruwa, ya zubar da abin da ke cikinsa a ruwa, ya aiko mana da iska tsagwaronta. Rana na kaiwa tsaka za ta hau tudun can ta faɗo cikin kwarin nan kamar an danna zuga-zugi. Mu nan da asuba muke ƙuna, ko bayan ruwan fari. Ruwan ƙasar nan kuma daga kudu yake zuwa, ba ya sallama."

"Baba, sama ɗaya ce. Ubangijin da ke aiko ruwa daga gabas a Zazzau Shi ne a nan."

"Shi ne. Amma a Zazzau ba Ya ajiye teku a bayan gonar ubanka ba."

Idirisu ya yi murmushin da ake yi wa tsoho in ana ganin ya fara rikicewa. A ransa ya ce mai gawayi me ya sani game da noma, mutumin da aikinsa kashe itace. Sulaimanu ya gane murmushin. Ya gyara addarsa ya ce, "Ganin hadari shi ya sa wanka da kashi. Ni dai ina nan kusa." Bai tafi ba, ya sami dutse ya zauna.

Idirisu ya yi bisimilla ya sa wuta a tsibin farko, can ƙasan gona.

Da fari komai ya tafi yadda yake so. Hayaƙi ya miƙe sama sak, wutar tana bin tsibi ɗaya bayan ɗaya a natse, ƙaya na fashewa. Ya bi ta da ganyen kwakwa yana gyara mata baki, har ya waiwayo ya dubi tsohon don ya ga ko ya gani. Wani daɗi ya cika shi wanda ya manta da irinsa. Ƙamshin toka ɗaya ne da na gida, kuma a karon farko cikin shekara ashirin da shida ya ji shi ɗan wani ne.

Sai hayaƙin ya karkata.

Iskar ta fara da sanyi-sanyi a bayan wuyansa, da ɗan warin gishiri, har ya ce alhamdu lillahi, ga iskar ruwa. Ya ɗaga kai yana jiran ɗigon farko. Gajimaren yana nan inda yake a kan teku, bai matso ko taku ɗaya ba. Iskar kuwa ta ƙaru, ta ƙaru, ta shigo ta bakin kwarin da ƙugi, ta kwantar da harshen wutar ta tura shi gangare sama. Abin da ya yi sa'a guda yana cin tsibi uku ya lashe rabin gona kafin mutum ya gama alwala. Ƙirare masu ci suka tashi sama suna tafiya kamar tsuntsaye. Hanyar taku uku da ya share, wadda ya yi kwana huɗu yana fama da ita, wutar ba ta ma san da ita ba.

Ya ruga ya hau gangaren yana kewaye wutar ta gefe, ƙaya na yagar ƙafarsa, ba ya ji. Ba gonar yake tunani ba, ba raken Bature ba. Mangwaron yake hange ta cikin hayaƙi, ciyawar gindinsa ta riga ta fara kamawa. In ya isa, hannu ɗaya zai zura ya fizgo tukunyar.

Ya iso saura taku goma ya tarar an riga shi. Bentu, sarkin gandun Bature, yana tsaye daidai gefen itacen a kan alfadari, bulala a hannu, bayi kusan ashirin sun jeru a bakin rake suna dukan wuta da ɗanyen ganye. Hayaƙin ne ya kira su. Bentu haifaffen Bahiya ne, kuma yana cikin waɗanda suka bi gida-gida neman rubutu shekarar tawaye, yana alfahari da cewa hancinsa na jin warin tawada.

"Zuze," ya ce da harshen Turawa, don shi wannan sunan ya sani, "kai ne mai wannan aikin? Shiga layi. In rake ya kama, fatarka za ta biya."

Idirisu ya shiga layi. Aka miƙo masa ganye, ya fara dukan wutar. Bakin kogon yana kallonsa, har yana iya ganin gefen tukunyar ta bayan busasshen ganyen da ya toshe ta da shi. Ya auna a ransa. Taku goma, ya sunkuya, ya ɗauko, sannan me? Bentu zai ce buɗe. Daga nan sai turken bulala a dandalin gari, sai a zo a ɗauki Maryamu, a ɗauki tsohon da ke zaune a kan dutse, a koma Barokinya a bi duk wanda ya taɓa cin tuwo a ɗakinsa. Takardun kuma ba za su tsira ba, a ofishin 'yan sanda za su ƙare, a hannun wanda zai ce makircin tawaye ne. Ya san duk wannan sarai. Amma ƙafarsa ta ɗaga da kanta har sau biyu, yana mayar da ita.

Itacen ya kama daga gindi. Busasshe ne shekara da shekaru, kogon ya zame masa maƙogwaro, wutar ta shiga ta ƙasa ta fito ta sama da ruri. Bentu ya ja alfadarinsa baya kaɗan. Can sai aka ji tukunyar ta fashe, ƙara ɗaya, ba mai yawa ba. Babu wanda ya kula sai mutum ɗaya.

Iska ta kwaso abin da ke ciki ta watsa sama. Yawanci baƙi ne, yana narkewa tun bai sauko ba. Amma wani guntu mai faɗin tafin hannu ya yi ta juyi, gefensa na ci, tsakiyarsa fari, ya sauko a hankali ya kwanta a ƙasa tsakanin Idirisu da kofaton alfadarin. Layi huɗu ko biyar na rubutun malam suna kai, tawadar ko dusashewa ba ta yi ba. Bentu yana waige yana zagin wani bawa, yana gab da juyowa.

Idirisu ya ɗora ƙafarsa a kai. Ya ji zafin ya ratsa tafin, ya danna, ya murza, ya murza, har ya tabbata babu abin da ya rage sai toka da ƙasa. Sannan ya ci gaba da dukan wuta, hawaye na zuba, kuma a wurin kowa hawaye yake yi saboda hayaƙi.

Sai bayan la'asar iskar ta faɗi, kamar yadda tsohon ya ce takan yi. Wutar ta ci gefen rake kaɗan, ta cinye gangaren kaf har zuwa kan tudu, ta mutu don ta rasa abin ci. Bukka ta tsira, da yake tana bayan iska. Bature ya aiko cewa kafin sabon wata Idirisu ya kwashe tarkacensa ya bar masa ƙasa. Idirisu ya ce to. Gajimaren gabas ya yi ja da faɗuwar rana, kyakkyawa, ya watse.

Kwana tara bayan haka, ran Alhamis, ruwa ya zo daga kudu, ba zafi, ba ƙugi, ba wata alama da Idirisu ya sani. Ya kwana biyu yana zuba, ya wanke tokar gangaren duka ya kai rafi.

Ran Juma'a da rana, ruwan na tsiyaya daga bakin rumfar gawayin Sulaimanu, su uku suka zauna. Tsohon ne ya kira su. Ya ce tun da takarda ta tafi, a tattara abin da ya saura a ka tun kafin shi ma ya bi ta. Ba mai zancen rubutawa. Maryamu ta kawo ƙoƙo da masara a gefen zane, duk sunan da aka tuna a yi masa addu'a ta jefa ƙwaya ɗaya.

Sulaimanu ya fara. Aliyu ɗan Gwani, mutumin Rano, mai ɗingishi. Altine ta Daura, wadda ta rasu a kan gwiwa. Yahaya maƙeri, sunan ubansa ya ɓace wa tsohon, garinsu ma haka. Idirisu ya kawo na 'yan dako, waɗanda suka faɗi a hawan da kaya a ka, yawancinsu suna ne kawai ba uba. Wani lokaci su yi gardama ko Mahmudu biyu ne ko ɗaya. Tun ana jefa ƙwaya a kai a kai har aka koma sai an daɗe, har aka yi shiru. Idirisu ya leƙa ƙoƙon. Ko gindinsa ba a rufe ba.

Tun ranar gobarar Maryamu ba ta ɗaga masa murya ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ita ce ma take shafa masa man kaɗanya a tafin ƙafa safe da yamma, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Yanzu ta ɗago, da ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunta.

"Malam, ina bayanka ranar nan, na biyo ka da tulu. Na ga takardar da ka taka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka yi daidai. Da ba ka taka ba da yanzu ba ma nan. Abu ɗaya nake tambaya. Kafin ka taka, ka karanta?"

Ya so ya yi mata ƙarya. Suna ɗaya ne, kowanne ya faɗa za ta karɓa, ta riƙe shi har kabari, kuma babu mai ƙaryata shi a duniya. Ya buɗe baki, sai ya tuna mutumin da ya yi shekara ashirin yana bin gawa don kada a binne kowa da sunan da ba nasa ba.

"Na duba," ya ce. "Ban iya ba, Maryamu. Ko da kin ba ni yini guda ban sani ba ko zan iya. Abin da ya sa nake ta ce miki jibi ke nan."

Ta dube shi. Baƙin ciki ne a fuskarta, ba fushi ba. Ta ce, a hankali, "Da ka faɗa mini, ai da mun kai wa wanda ya iya."

Ta juya wajen tsohon. "Baba, sake gwadawa."

Sulaimanu ya rufe idanunsa da hayaƙi ya cinye. "Doguwa ce. Tana da tsaga biyu a nan. Da za ta cika tana ta tambaya ko an ga yarinyar." Leɓensa ya yi ta motsi, yana ɗauko suna yana ajiyewa. Can ya girgiza kai. "Allah Ya san ta, 'yata."

"Ya san ta," in ji Maryamu.

Ta dubi ƙoƙon, ta dubi ƙwayar da ke hannunta. Ba ta jefa ba. Ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta tashi ta ce bari ta je ta fara haɗa kaya, tun da sabon wata ya kusa.